Neman aikin koyar da Turanci a ƙasar waje da fasfo ɗin Najeriya: daga ina ya kamata in fara?

Malamin Turanci daga Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamaina da 'yan'uwana baki ɗaya. Ina da digiri na farko a fannin koyar da Turanci, na yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, kuma na haura shekara biyar ina koyar da 'yan aji huɗu zuwa shida a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Zariya. Albashin da ake ba mu ba ya kai mu tsakiyar wata, ga iyali ga kuɗin haya, shi ya sa na fara tunanin neman aikin koyarwa a ƙasar waje.

An haɗa ni da wani ejan ta WhatsApp wanda ya ce zai samo mini aiki a Koriya ta Kudu ko a Tailan. Sharaɗinsa shi ne in yi wani kwas na TEFL, wato horon koyar da Turanci a matsayin harshen waje, ta intanet da ake gamawa cikin mako guda, sannan in biya shi rabin ladansa kafin ya turo takardar ɗaukar aiki. Ya ce zan shiga ƙasar da bizar yawon buɗe ido, idan na isa makarantar ce za ta mayar da ita ta aiki. Kuɗin da ya yanka mini ba zan iya biya ba sai na sayar da filin da na gada, kuma zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba.

Ina roƙon waɗanda suka taɓa bin wannan hanya su haska mini abu uku. Waɗanne ƙasashe ne suke ɗaukar ɗan Najeriya aikin koyar da Turanci bisa doka? Wace takardar shaida ce take da daraja a idon masu ɗaukar aiki? Kuma ta yaya mutum zai bambance aikin gaskiya da na damfara tun yana gida? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Katsina a Japan:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar da filin nan, kuma kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Ambaton Koriya ta Kudu da ya yi kaɗai ya isa ya tona masa asiri. Bizar da ake ba masu koyar da Turanci a can, wadda ake kira E-2, an gina ta ne a kan fasfo, kuma ƙasashen da aka saba ɗauka daga cikinsu bakwai ne: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayilan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki. Ko da Turancinka ya fi na malamin da ya zo daga Landan, jami'in shige da fice ba zai saurari furucinka ba, bangon fasfo ɗinka zai duba. Mutum yana iya jin haushin wannan tsari, ni ma ina ji, domin ƙungiyar malaman Turanci ta duniya, TESOL, ta fitar da matsaya tun 2006 tana adawa da nuna wa malami bambanci saboda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Sai dai matsayar ƙungiya ba ta sauya dokar biza ta kowace ƙasa.

Chaina ma ta yi wuya. A watan Yulin 2021 gwamnatinsu ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan makaranta a manyan darussa, kuma wannan ya rushe kasuwar da baƙi da yawa suke ci daga gare ta. Wanda ya koyar a can da bizar karatu ko ta kasuwanci yana karya doka ne, ƙarshensa tara da tsarewa da kora.

Tailan tana ɗaukar waɗanda ba 'yan waɗancan ƙasashe ba, amma sai ka nuna sakamakon jarrabawar Turanci, galibi TOEIC da maki 600 zuwa sama, ga digiri, ga izinin aiki da makaranta take nema maka. Mu 'yan Najeriya kuma muna da ƙarin mataki, wato takardar wankewa daga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kafin ofishin jakadancinsu ya karɓi takardunmu. Abin da ya fi tayar mini da hankali a maganar ejan ɗinka shi ne batun shiga da bizar yawon buɗe ido, domin da irin wannan alkawari ne masu safarar mutane suke kwasar matasa daga Afirka. Ana tarbar mutum a filin jirgin Bankok, a sa shi a mota zuwa garin Mae Sot da ke kan iyaka, a tsallakar da shi kogi zuwa Myawaddy a ƙasar Miyanma, a ƙwace fasfo, a tilasta masa aikin damfarar mutane ta intanet. A farkon 2025 an fito da dubban mutane daga waɗannan gidaje, kuma akwai 'yan Afirka da yawa a cikinsu. Ban ce ejan ɗinka yana cikinsu ba, amma hanyar da ya zana maka ita ce tasu.

Japan, inda nake, dokarta ta sha bamban, kuma mutanenmu ba su cika sanin haka ba. Bizar malamin makaranta ba ta tambayar ƙasarka. Abin da take nema ga mai koyar da harshen waje shi ne digiri da shaidar cewa ya yi karatu da wannan harshe na tsawon shekara 12 ko fiye. Ni da wasiƙu daga makarantar firamare da sakandare da jami'a na cika wannan sharaɗi, kowace tana tabbatar da cewa da Turanci aka koyar da ni. Kamfanin da ya ɗauke ka ne yake nema maka takardar cancanta daga hukumar shige da fice ta Japan, da ita za ka nemi biza a Abuja, kuma ba a biyan kamfanin kuɗin ɗauka.

Amma ka san irin aikin kafin ka sa rai. Mataimakin malami za ka zama, ajin na malamin Bajapane ne, kuma wata rana duk aikinka bai wuce ka karanta jimloli yara su maimaita ba. Ga wanda ya saba shirya ɗalibai don WAEC da NECO wannan yana da ciwo. Albashin kamfanonin da ke tura malamai makarantun gwamnati yana riƙe mutum ɗaya, ya bar masa ɗan abin aikawa gida, amma wasunsu suna rage shi a lokacin hutun bazara, kuma watannin farko suna cin kuɗi saboda kama ɗaki. Abincin rana na makaranta sau da yawa akwai naman alade a ciki, don haka da kwanona nake zuwa, kuma Juma'a ranar aiki ce cikakkiya.

Malama a Saudiyya:

Malam, sannu da ƙoƙari. Na yarda da duk abin da ɗan'uwanmu na Japan ya faɗa game da ejan. Zan tsaya a kan tambayarka ta biyu, domin a nan ne mutanenmu suka fi asarar kuɗi.

TEFL ba sunan wata hukuma ɗaya ba ne, kowa yana iya buɗe shafi ya sayar da satifiket da wannan suna. Araha ba ta ado. Kwas ɗin da ake gamawa cikin mako guda ba tare da mutum ya tsaya gaban ɗalibi ko ɗaya ba, masu ɗaukar aiki na kirki sun san darajarsa. Takardun da aka sani a ko'ina biyu ne, CELTA ta Cambridge da CertTESOL ta Trinity. CELTA tana ɗaukar kimanin sa'o'i 120, ana yin ta cikin mako huɗu ko biyar idan mutum ya ba ta dukkan lokacinsa, ko cikin watanni idan yana haɗawa da aiki, kuma tun 2020 ana iya yin ta gaba ɗaya ta intanet. Abin da ya ba ta daraja shi ne sa'o'i shida na koyar da ɗalibai na gaske, manya, alhali mai horarwa yana zaune yana rubuta duk abin da ka yi, ga kuma rubutattun ayyuka huɗu.

Abin da ya fi ba malaman Najeriya wahala a wannan kwas ba nahawu ba ne, a nan mun fi da yawa daga cikin Turawan da ake zama da su. Yawan maganarmu ne. Mun taso a ajin da malami yake cika allo da rubutu, ya yi bayani na minti arba'in, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa da murya ɗaya. A can za a ba ka darasi, bayan ka gama mai horarwa ya nuna maka a takarda minti nawa ka yi kana magana da minti nawa ɗalibai suka yi, ya tambaye ka ta yaya ka tabbatar cewa matar da ke zaune a gefe ta fahimci bambancin jimlolin da ka koyar, tunda ba ta buɗe baki ba. Za a koya maka ka haɗa ɗalibai bibbiyu su yi magana, kai kana zagayawa kana saurare, ka ajiye gyaran kurakurai sai ƙarshe. Wannan shi ne abin da ake dubawa a darasin gwaji lokacin ganawar ɗaukar aiki, kuma satifiket na mako guda ba zai koya maka shi ba.

A nan Saudiyya mafi yawan guraben suna cikin shekarar share fage ta jami'o'i da kwalejojin fasaha, inda ɗalibi yake shafe shekara yana ƙarfafa Turancinsa kafin ya shiga fanninsa. Ga mai fasfo irin namu, digiri na biyu a fannin Turanci ko ilimin harsuna shi ne yake sa a buɗe takardunsa, CELTA kuma ta ƙara masa nauyi. Guraben suna raguwa domin gwamnati tana fifita 'yan ƙasa a ayyukan koyarwa, kuma wasu tallace-tallacen har yanzu suna rubuta ƙasashen da suke so ƙarara. Wanda ya samu kuwa yana samun albashin da ba a cire masa harajin kuɗin shiga, galibi da gida ko kuɗin gida da tikitin zuwa hutu, sannan dokar ƙwadago ta tanadi ladan ƙarshen aiki, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan haka. Mu kuma muna da ƙarin ribar kusanci da Harami, wadda ba a lissafa ta da riyal.

Ka fara shirin tantance takardu da wuri. Satifiket da sakamakon jami'a sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je, kowanne da hatiminsa da kuɗinsa, ga takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Idan sunanka a fasfo ya saɓa da na satifiket ko da harafi ɗaya ne, Muhammad a nan Mohammed a can, ka gyara tun yanzu.

Game da gane aikin gaskiya kuwa, makarantar kirki tana ganawa da kai fuska da fuska ta bidiyo, tana rubuto maka daga adireshin imel na makarantar, tana ba ka kwantiragi mai ɗauke da albashi da sa'o'in aiki kafin ka bar gida, kuma ba ta jin haushi idan ka nemi ta haɗa ka da wani malami da ke aiki a wurin. Duk wanda ya ce ka shigo da bizar Umara ka zauna ka nemi aiki, takari yake so ya mayar da kai. Riƙe fasfo ɗin ma'aikaci kuma haramun ne a dokar ƙasar nan, ko da an ce maka al'ada ce.

Tsohon Malami, Kano:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. 'Yan'uwanka sun yi bayani mai gamsarwa, sai dai na lura duk hankalinku ya tafi Asiya da ƙasashen Larabawa, kamar a Afirka ba a neman malamin Turanci. A ganina nan ne ɗan Najeriya ya fi daraja, domin babu mai tambayarsa ko Turanci harshen uwarsa ne.

Gwamnatin Tarayya tana da shirin tura ƙwararru ƙasashen waje, wanda aka fi sani da TAC, an kafa shi a 1987 zamanin Janar Babangida, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Ana tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu. Najeriya ce take biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka ta ba ka masauki. Gambiya da Saliyo da Yuganda da Zanzibar duk sun karɓi malamanmu, kuma Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale ta daɗe tana amfana da su. Ni ta wannan hanya na fita, kuma abin da na dawo da shi ya gina mini gidan da nake ciki. Ba a biyan kowa kuɗin nema, ana tallata guraben a fili, sai dai masu nema suna da yawa, kuma masu manyan digiri sun fi samun shiga. Ma'aikacin gwamnati yakan samu izinin tafiya ya dawo kan aikinsa, kai da kake makaranta mai zaman kanta sai ka yi lissafin abin da za ka tarar idan wa'adin ya cika.

Sai maƙwabtanmu masu amfani da Faransanci, waɗanda ƙishirwar Turanci take ƙaruwa a cikinsu. Ruwanda ta mayar da koyarwa zuwa Turanci tun 2008. Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, kuma a shekarar ce Aljeriya ta fara koyar da Turanci a firamare. A Nijar, kundin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Yaran Nijar suna fara Turanci ne daga ajin farko na sakandare, kuma iyaye da 'yan kasuwa a Maraɗi da Damagaram da Yamai suna son 'ya'yansu su iya shi saboda karatu da ciniki da Najeriya. Malamin da zai iya yi wa ɗan Maraɗi bayanin abin da ya shige masa duhu da Hausa yana da abin da Bature ba shi da shi. Daga Zariya ka bi ta Katsina da Jibiya, a yini guda ka isa Maraɗi, iyalinka ba su yi nisa ba.

Ba zan ruɗe ka ba, albashin makarantu masu zaman kansu a can ba zai kama ƙafar na Saudiyya ba. Amfaninsa shi ne ana biya da sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, don haka ba ta narkewa a hannu yadda naira ta yi mana a 'yan shekarun nan. Sai ka koyi Faransanci gwargwadon abin da zai ishe ka a ofishin makaranta, kuma tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ka tabbatar da matsayin izinin zama da na aiki kafin ka ɗauki jaka.

Ɗalibar Digiri na Uku:

Ina gaida Baba da sauran malamai. Ƙari biyu gare ni. Na farko, akwai shirin Fulbright mai suna FLTA, wanda ofishin jakadancin Amurka yake zaɓar matasan malaman Turanci su je jami'o'in can na shekarar karatu ɗaya su koyar da harshensu na gida, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka saba nema daga Najeriya. Ba aikin dindindin ba ne, dole mutum ya dawo, amma yana ɗaukar darussa a jami'ar kuma takardunsa suna ƙara nauyi ƙwarai. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025, don haka a duba sanarwar ofishin jakadancin kafin a fara shiri.

Na biyu, mutane suna yawan cewa Birtaniya tana ɗaukar malaman Najeriya. Gaskiya ne daga Fabrairun 2023 an ba malamanmu damar neman shaidar QTS, wato shaidar cancantar koyarwa a Ingila, amma an taƙaita ta ga masu lissafi da kimiyya da harsunan waje, malamin Turanci ba ya ciki. Kada wani ya karɓi kuɗin Malam da wannan labari.

Malamin Turanci daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na sanar da ejan cewa na fasa, kuma da na tambaye shi sunan makarantar da lambar lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago bai sake amsa mini ba. Abin da ya rage mini shi ne tsari. Abin hannuna kaɗan ne, ba zai ɗauki digiri na biyu da CELTA da jarrabawar Turanci ta IELTS a lokaci guda ba. Da wanne zan fara?

Malama a Saudiyya:

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi da yawa amma yake cin lokaci, wato fasfo, daidaita suna, karɓo sakamakon jami'a, da wasiƙun nan na shaidar karatu da Turanci da ɗan'uwanmu na Japan ya ambata. Da su kaɗai kana iya neman Japan da TAC ba tare da ka ƙara wata takarda ba, kuma tunda shekarar karatu a Japan tana farawa a watan Afrilu, kamfanonin suna ganawa da masu nema watanni da yawa kafin nan.

IELTS ka bar ta sai wani mai ɗaukar aiki ya nema, domin sakamakonta shekara biyu kawai ake karɓarsa, kuma na ga waɗanda nasu ya mutu a aljihu kafin su samu gurbi. Tsakanin sauran biyun, ni digiri na biyu zan zaɓa maka. Kana Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana kusa da kai, za ka biya da naira kana ci gaba da aikinka, kuma shi ne yake amfani a Saudiyya da TAC da jami'o'in Afirka, har da nan gida idan tafiyar ba ta yiwu ba. CELTA da kuɗin waje ake biyanta, ka tara mata a hankali, ka yi ta a shekarar da za ka fara tura takardu domin abin da ka koya ya kasance sabo a hannunka ranar darasin gwaji. Kafin lokacin, ka ɗauki ajinka ɗaya a makarantar da kake, ka sa wani abokin aiki ya zauna a baya da agogo ya ƙirga maka mintunan da kake magana.